Ranar da Fatihu Ya Daina Tsokanar Kakarsa

Akwai wani yaro a wani ƙauye can bayan Dawakin Tofa, irin ƙauyukan nan da gonar wani take ƙarewa a gindin katangar wani. Sunansa Fatihu. Yana aji biyar a sakandaren jeka-ka-dawo, kuma idan ka hango shi a aji ya sunkuyar da kai ya yi tsit, kada ka yi zaton lissafi yake yi. Zane yake yi.

Ba zanen fulawa ko taswira ba. Labari yake tsarawa. Sai ya raba takarda gida-gida, a kowane gida ya zana mutane, ya fitar da magana daga bakinsu a cikin ɗan kewaye, irin abin nan da yara ke kira katun. A bayan wani tsohon littafin Turanci ya fara ganin irinsa, tun daga ranar kuma abin ya shiga ransa ya ƙi fita.

Sai dai fa son abu daban, samun sararin yin sa daban.

Takarda ma aiki ce. Tsakiyar littattafansa yake ɓallewa, har littafin lissafinsa ya rame kamar akuyar rani. Malamin lissafi ya taɓa kama shi, ya ɗaga zanen sama 'yan aji suka sha dariya, sannan ya cusa a aljihu ya fita da shi, bai dawo da shi ba har yau. A hanya samari su riƙa kiransa "Mai katun". Ranar Asabar da Lahadi kuwa gona ce, in ya dawo hannunsa ya yi kanta yana rawa, ko layi ɗaya ba ya iya ja ya miƙe.

Mahaifinsa, Malam Kallamu, ba mugu ba ne, manomi ne kawai da bai ga amfanin abin ba. Duk lokacin da ya gan shi da biro ba a kan aikin makaranta ba sai ya ce, "Fatihu, zane dai ba ya cika rumbu. In ka rasa abin yi, ga tumaki can ba su ci ba."

A duk gidan mutum ɗaya ce take sauraronsa, kakarsa ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya Yagana. Kakanninsu daga Barno suka zo da fatauci tun zamanin jakuna, suka zauna suka zama manoma, abin da ya rage musu na can sai sunaye da tsagen da ke fuskar tsohuwar. Ƙosai take soyawa kowace safiya a ƙofar gida. Idonta ya fara yana, abu sai ya zo kusa take gane shi, amma bakinta, wannan kam babu abin da ya same shi.

Kun dai san wasan jika da kaka. To, na Fatihu da Iya Yagana ya wuce na kowa a unguwar. Bai taɓa kiranta Iya ba, bai taɓa durƙusa mata ba. Da ya fito da safe za ta ɗaga matsami ta nuna shi.

"Ga maigidan nawa nan. Miji ba cefane, sai biro a kunne kamar kafinta."

"Ni ai na sake ki tun jiya, tsohuwa. Mace ba haƙori, ina zan kai ki?"

"Kullum ka sake ni, kullum ka dawo cin ƙosai. Kai dai ka ji kunya, mijin ta-ce."

Masu jiran ƙosai su yi ta dariya. Wannan faɗan shi ne karin kumallonsu su biyu, kuma duk wanda ya san tsohuwar ya san da shi take rayuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, sa'o'inta sun ƙare saura ƙawarta ɗaya, Hure. Kowa a gidan girmama ta yake yi, ya gaishe ta ya wuce. Fatihu kaɗai ke tsayawa ya ja ta da faɗa.

Ita ce ma ta ba shi labarin da ya fi so. Ta ba shi labarin wata shekara tun tana amarya, da tsuntsayen jan-baki suka sauko wa gero kamar hadari, yara da manya suka wuni a gona suna kaɗa gwangwani. Daga nan Fatihu ya ƙirƙiro jaruminsa, wani yaro da ya sa wa suna Mai Majajjawa, wanda ya tsaya shi kaɗai ya kare gonar garinsu daga rundunar jan-baki.

Tun farkon zango yake wannan aiki. Da baƙin biro yake zana komai, amma bakin tsuntsayen sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Kowane shafi ka buɗe, ja ne ko'ina. Iya Yagana ta sha cewa ya kawo ta gani, ya ce, "Da wane idon? Bari in gama, ni zan karanta miki."

Malamar Hausa, Malama Ramlat, ta ga wasu shafuka a hannun abokinsa Mika, ɗan unguwar gaba da su, wanda shi ne mai karanta masa na farko. Ta kira Fatihu, shi kuwa ya zo yana jiran faɗa. Sai ya ji ta ce, "Ka kammala ka kawo mini ranar Litinin. Akwai taron ɗalibai masu rubutu da za a yi a Dawakin Tofa, da kai da littafinka zan tafi."

Ranar Fatihu bai san da ƙafa ya koma gida ko da fiffike ba. Karo na farko ke nan da wani babba ya kalli zanensa bai kira shi shirme ba.

Ya kammala ranar Juma'a da yamma. To, ina zai ajiye? Malam Kallamu yakan buɗe jakarsa lokaci-lokaci ya duba ko karatu ake yi. Sai Fatihu ya sa wa aikin bangon wani tsohon littafi, ya cusa shi a kwalin tsofaffin littattafai da ke zaure, inda ya tabbata mahaifinsa ba ya kallo.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga wannan kwalin Iya Yagana take ɗibar takardar naɗe ƙosai. Ba ta yi boko ba, amma tana da ƙa'idarta. Duk takarda mai rubutun Larabci ba ta taɓawa. Ta boko kuwa, Fatihu da kansa ne ya koya mata tun yana ƙaramin aji: "Duk wadda kika ga jan biro a jiki, malam ya riga ya duba, an gama da ita. Wadda babu ja, kada ki taɓa." Shekara da shekaru tana bin wannan, ba ta taɓa yaga masa littafi mai amfani ba.

Ranar Asabar da sassafe Fatihu ya bi mahaifinsa gona. Hantsi ya ɗaga suna cikin noma, sai ga Mika ya ratso ta cikin gero da gudu, da wata takarda a hannu wadda mai ya jiƙa har ana ganin yatsunsa ta bayanta.

"Fatihu, wannan ba Mai Majajjawa ba ne? Ƙanwata ce ta sayo ƙosai a gidanku."

Fatihu ya karɓa. Shafin da jarumin ya hau kan rumbu ne. Mai ya narkar da jan, ya bi ya shafe fuskar yaron, ga yaji ya manne a kan maganar da ke fitowa daga bakinsa.

Ya yar da fartanya ya kama hanya, mahaifinsa yana kira bai waiwayo ba.

Ya tarar ta sauke kasko tana kankare shi. A gefenta ga bangon littafin, da 'yan shafuka ƙalilan da suka rage. Sauran sun bazu cikin gari, wasu a bola, wasu a murhu, wasu a cikin awaki.

Ta ɗago ta gan shi tsaye yana haki. "Kai kuma lafiya, maigida? Ko gonar ce ta kore ka?"

Ya ɗaga bangon. "Wannan kika yaga?"

"Shi ne. Ai na duba, ja ne fal a ciki. Na ce wannan malamin ya sha aiki." Ta yi 'yar dariya, sai ta ga bai yi ba. Ta ajiye abin kankarar. "Fatihu, ba dai tsuntsayen ba ne?"

Da ya yi ihu, da ya zazzaga mata masifa, da an wuce wurin, don ita da shi sun saba da haka. Amma ya san duk abin da ya faɗa mata da zafi zai zama wasa a kunnen mutane, ita ma ta mayar masa da wasa. Shi kuwa so yake ta ji ciwo kamar yadda ya ji. Ya shige ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, ya yi kuka irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Ni ban ga laifinsa a kukan ba. Aikin zango guda ne, kuma ba shi da wani kwafi. Ranar Litinin ya je ya gaya wa Malama Ramlat, ta yi salati ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, aka tafi taron da wata yarinya mai rubuta waƙa. Wannan duk abin tausayi ne. Abin da ya biyo baya ne ban so ba.

Washegarin ranar da aka yaga littafin, Fatihu ya fito da safe. Iya Yagana ta ɗaga matsami kamar kullum, da 'yar muryar lallashi: "Ga maigidan..."

Kafin ta ƙarasa ya zube a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye.

"Ina kwana, Iya. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Matsamin ya tsaya a sama. Masu jiran ƙosai suka ce, "Kai, masha Allah, yaro ya girma." Ita kuwa tsohuwa ta gane sarai. Ta amsa a hankali, "Lafiya lau," ta mai da idonta kan kasko.

Haka ya ci gaba. Safe da yamma sai ya durƙusa. In ta aike shi ya tafi da sauri, ya dawo ya miƙa mata da hannu biyu. In ta ba shi ƙosai ya ce, "Na gode, Iya, na ƙoshi." In ta jefo masa tsokana ya ce, "To, Iya," ya wuce. Babu wanda zai ce ya yi mata rashin kunya. Ladabi ne tsantsa, kuma da shi yake dukanta.

Malam Kallamu har daɗi ya ji. Ya ce wa mutanen gida, "Kun gani ko? Tun da shirmen zanen nan ya bar hannunsa hankali ya zo masa."

Ita kuwa Iya Yagana, da ta sauke kasko sai ta ɗauki sandarta ta shiga gari, gida-gida, tana tambayar matan da suka sayi ƙosai ranar Asabar ko takardar tana nan. Wasu su yi dariya, wasu su taya ta dubawa a bayan ɗaki. Tsohuwa mai yanar ido tana tona shara da sanda. Ta samo 'yan kaɗan, ta barbaɗa musu toka don ta tsotse man, ta danne su a ƙarƙashin tabarmarta har suka miƙe.

Wata yamma ta kira shi ɗakinta ta miƙa masa.

"Ga abin da na samu. Wallahi ban sani ba, Fatihu. Ja na gani. Ka zage ni mana in ji sanyi. Ka ce mini makauniya, ka ce mini tsohuwar banza. Ka sake ni ma in kana so."

Ya kalli takardun. Sun yi futu-futu da toka, babu abin da za a iya karantawa. Saura kaɗan ya sauko. Amma zuciya ta ce masa tukuna.

Ya karɓa da hannu biyu. "Allah ya saka da alheri, Iya. Ba komai."

Ya fita ya bar ta zaune da toka a tafin hannu.

Mika ne kaɗai ya yi masa magana. Suna dawowa daga makaranta ya ce, "Kai, abin nan ya isa haka. Jiya na ga tsohuwar nan, ko ciniki ba ta yi da fara'a. Ni tawa kakar ta rasu bara. Da zan samu ta dawo ta yini tana zagina, wallahi da na ba da komai."

"Ai ban yi mata komai ba. Gaishe ta nake yi."

"Ni za ka gaya wa? Gaisuwar taka ta fi mari."

Maganar ta shige shi. Gaskiyar magana shi ma ya gaji. Kowace safiya tsokana takan zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye. Ya yi kewar faɗan fiye da yadda ya yi kewar littafin.

Sai ya yanke shawarar shiryawa da ita, amma irin ta masu zane. Ba zai fito haka kawai ya ce ya huce ba. Zai zana ta, da haƙorinta ɗaya da tsagenta, tana korar rundunar jan-baki da matsami, ya yi shi babba yadda idonta zai gani, ya ajiye mata a gaban masu sayen ƙosai ya ce, "Ga takardar sakinki." Yana tunanin dariyar da za ta yi, shi kaɗai yana murmushi.

Ya fara. Hancin bai yi masa ba, ya sake. Hannun ya karkace, ya sake. Ga jarrabawa ta matso, ga takarda ta yi wuya. Kullum ya ce gobe zai ƙarasa, kuma kafin goben ya ci gaba da durƙusawa, don kada ya ɓata shirin.

Wata safiya ya fito da jakarsa. Ta rame, har zanen da ta ɗaura ya yi mata yawa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi da idanun nan masu yana ta ce, "Maigida, yau ma ko harara ba zan samu ba? Kishiya ka yi mini a makarantar ne?"

Dariya ta taso masa, da amsa a shirye: wa zai zauna da ke. Ya cije leɓe. Zanen saura inuwa kawai, gobe war haka an gama.

"Sai na dawo, Iya."

"To. A dawo lafiya," in ji ta.

Ana cikin darasi kafin azahar aka leƙo ajin aka kira sunansa. Wani maƙwabcinsu ne a kan babur, ya ce ya hau, ana nemansa a gida. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida, a daidai inda kasko yake zama.

Bayan ta gama suya ta ce kanta yana juyawa, ta shiga ta kwanta. Ƙanwarsa Ilham ta kai mata ruwa ta tarar rai ya yi halinsa.

Da shi aka sallace ta, da shi aka kai ta. Bai yi kuka ba, jikinsa ne kawai ya mutu.

A garinsu, in tsoho ya cika da shekaru ya rasu, ranar sadakar uku jikoki sukan yi wasa a cikin gida, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya cikin hawaye, don an ce mutuwar tsoho ba a yi mata baƙin ciki kaɗai. Ilham ta ɗaura zanen Iya Yagana, ta ranƙwafa da sanda tana masifa, mata suna dariya suna share ido.

Sai gwaggonninsa suka fara kira. "Ina angon? Ina mijin marigayiya? Fatihu, fito mana, ai kai ne babban mai wasan!"

Aka jawo shi tsakar gida. Duk tsokanar da ya yi ta haɗiyewa tana nan a cikinsa, ya buɗe baki, ko ɗaya ta ƙi fitowa. Hure, ƙawar marigayiyar, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin. Ita ba ta yi dariya ba. Kallonsa kawai take yi, kallon wadda aka gaya wa komai.

Ya fizge hannunsa ya fice waje wurin maza, ya rakuɓe a ƙarshen tabarma.

A lokacin wasu dangi suka iso daga Rijiyar Zaki. Bayan an yi addu'a, Malam Kallamu ya nuna shi da hannu.

"Wannan shi ne Fatihu. Ni dai ta wajensa na gode wa Allah. Da can ba shi da aiki sai tsokanarta, amma a 'yan kwanakin nan na ƙarshe babu wanda ya kai shi yi mata ladabi. Safe da yamma sai ya durƙusa ya gaishe ta. Sun rabu lafiya."

Dattawa suka juyo gare shi gaba ɗaya. "Masha Allah. Allah ya yi maka albarka, yaro. Yadda ka yi mata, Allah ya ba ka masu yi maka."

Kowa a tabarmar ya shafa ya ce amin. Fatihu ya kifa kansa a gwiwa, a nan ne kukan ya zo masa, kuma har suka tashi bai iya cewa amin ba.

Darasi: Ba zagi da duka ne kaɗai ke cutar da mutum ba, janye fuska daga wanda ya saba da fara'arka ma horo ne, ko da ka lulluɓe shi da ladabi. Wanda ya yi maka kuskure ba da gangan ba, ya kuma zo ya ba ka haƙuri, ka karɓa a ranar. Kada ka jira sai ka shirya yafiya mai kyau, domin gobe ba a hannunka take ba. In kana da tsoho a gida da kake yi wa fushi, ajiye wayar nan ka je ka same shi yanzu. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake riƙe da wani a zuciya yana cewa sai gobe.